Ranar da DJ Ya Shiga Gonar Baba

Katanga ɗaya ce ta raba gidana da nasa a Magariya, kuma shekara uku na yi ina jin haushin katangar nan saboda rashin kaurinta. Ni malamin makaranta ne, irin waɗanda ake kira mushe, na saba in na ce a yi shiru sai a yi shiru. Maƙwabcin nawa kuwa DJ ne, sana'arsa ke nan. A gayyace shi biki ko suna, ya kwashi manyan akwatunan sautin nan da muke kira bafal, ya kafa su a ƙofar gida, ya tsaya bayan tebur da kwamfutarsa da wata na'ura mai maɓallai, ya saki kiɗa. Ba zai wuce shekara talatin ba, yana da mata da 'ya ɗaya, mahaifiyarsa ma tana zaune tare da su. In dai gaisuwa ce ba shi da laifi, don ko daga nesa ya hango ni sai ya cire baƙin gilashinsa ya rusuna. Laifinsa ɗaya ne: duk kayan da ya gyara sai ya gwada su a tsakar gidansa, tsakar gidan kuwa tana jingine da ɗakin da nake duba takardun yara.

Ƙarar na iya jure mata. Gindin kiɗan ne ya hana ni sakat, wannan dum-dum ɗin da ba ka cika jin sa da kunne ba, sai dai ka ji shi a ƙirji, kwanukan maiɗakina su riƙa kaɗawa a ma'ajiyarsu, ruwan randa ya riƙa rawa shi kaɗai. Wata rana na ba yaro maki biyu a takardar da ta cancanci goma sha biyu, saboda kaina ya ɗauki zafi. Da na gane kuskuren sai na ajiye biro, na zura takalmi, na nufi gidan mai unguwa na kai ƙara. Aka aika aka kira shi. Ya zo ya zauna a ƙasa, ya saurare ni har na gama zuba, sannan ya ce, "Mushe, ka yi haƙuri. Ai da ta kan katanga ka yi mini magana ma da na daina." Wannan ladabin nasa ya fi kiɗan ba ni haushi, don ya mayar da ni mai neman fitina a gaban mutane. Daga ranar ya taƙaita gwajinsa zuwa bayan la'asar, kuma ba kullum ba.

Sau ɗaya na taɓa ganin wasansa da idona kafin abin da zan ba da labari, a bikin 'yar wani abokin aikina. An fara bayan la'asar. Na zauna a kujerun manya na harɗe hannu, na shirya tsaf don in ƙi abin. Ni ɗan ƙauye ne, daga wani ƙaramin gari kusa da Yekuwa, kuma na tashi na ga makaɗi yana rataye da gangar noma, gumi na zuba, jijiyoyin wuyansa sun tashi. Wannan kuwa ba ya kaɗa komai. Ya maƙala abin ji a kunne ɗaya, yana murɗa wani abu da yatsa biyu, yana gyaɗa kai kamar ƙadangare. Na ce a raina, wannan ai ko jikata za ta iya.

Amma na ga wani abu da ban iya musunsa ba. Ana tsakiyar rawa sai ya ɗauke gindin kiɗan gaba ɗaya, ya bar wani siririn sauti yana ta hawa, yana ƙara sauri. Samari da 'yan mata suka tsaya cak, hannuwa a sama, baki buɗe, kowa ya san abin da ke tafe amma ba wanda ya san lokacinsa sai shi. Ya ja musu rai har sai da wata ta yi ihu, sannan ya saki. Filin nan gaba ɗaya ya faɗo ƙasa lokaci guda. Da muka koma gida maiɗakina ta ce daga wajen mata ta hango ƙafata tana motsi, na ce mata sauro ne. Abu ɗaya na yaba masa ranar, shi ma a ciki na bar shi: ladan na fara kiran magariba ya kashe komai, ko ƙarshen waƙar bai jira ba.

Daminar da ta biyo baya, Baba ya faɗo daga amalanke kwana kaɗan bayan shuka, ya karye a cinya. Mai ɗori ya ɗaure shi, ya ce kada ya taka sai bayan wata biyu. Ƙannena biyu ba sa gida, ɗaya yana Agadas, ɗaya ya yi kudu, waya kawai muke ji. Gonar Baba babba ce, ita ke ciyar da shi da Inna da matan ƙannena da 'ya'yansu shekara guda. Kafin a rufe lekol, wato makaranta, in samu in iso, an yi ruwa uku masu kyau, ciyawa ta samu abin da take so. Da na tsaya a bakin gonar sai da na sunkuya kafin in rarrabe hatsi da harƙiya. Hatsin ya fara zama ruwan ɗorawa, ya yi siriri, ciyawa ta shaƙe shi.

Na ɗauki hauya da ƙarfin zuciya. Kwana uku ina yi, hannun da ya saba da alli ya yi bororo ya fashe, abin da na nome kuwa bai kai filin wasan lekol ɗinmu ba. Baba ya dubi tafin hannuna, bai yi dariya ba, na kuma gode masa da hakan. Ya ce, "A kira gayya."

Gayya ita ce ka roƙi mutanen gari su taru su yi maka aikin yini ɗaya, ba lada, sai fura da goro da sa albarka, ran da tasu ta taso kai ma ka je. Na bi gida-gida da goro na faɗa. Inna da matan gida suka kwana biyu suna daka, aka dama fura ta mutum arba'in. Ranar da aka sa, mutum bakwai suka zo, ƙaraminsu ya ba shekara hamsin baya. Sun yi iyakar ƙoƙarinsu, Allah ya saka musu, amma kafin azahar bayansu ya ƙi. Furar da ta rage ta yi tsami, aka rarraba wa maƙwabta, sauran aka zuba wa awaki. Da na shiga ɗakin Baba na tarar ya juya fuskarsa ga bango. Ya ce, "Shekara arba'in ban taɓa jin an kira gayya na zauna ba."

Samari kuwa akwai su a garin. Duk wanda bai tafi nema ba yana nan, in ya taso daga gonar gidansu sai ya zauna a fada, wato majalisar samari, ana dafa shayi ana danna waya. Na je na same su, ina tafe ina tafasa. Ɗaya daga ciki, ɗan wani abokin ƙuruciyata, ya ce, "Mushe, ba raini ba ne. Amma gayya babu kiɗa ai wahala ce zalla." Na buɗe baki in yi faɗa, sai na tuna gaskiya ya faɗa. A da, ganga ce ke fitar da mutum daga ɗaki. Makaɗin garinmu yana nan da ransa, amma hannunsa ya kamu da karkarwa, gangarsa ɓera ya huda ta tun da daɗewa, 'ya'yansa kuma ba wanda ya gaje shi. Tsofaffin da suka zo gayyar sun faɗa mini ba ɓoye-ɓoye: in aka ƙara ruwa biyu a kan ciyawar nan, a manta da gonar bana.

Na koma Magariya karɓo wa Baba maganin ciwo, na zayyana wa maiɗakina komai. Tana tsince shinkafa, ko kai ba ta ɗago ba ta ce, "To ga makaɗi nan a bayan katangarka." Na ce ta daina wasa. Ta ce, "Yaran yanzu ko cikin rijiya aka kafa bafal sai sun shiga. Amma na manta, kai ne ka kai shi ƙara." Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, bayan magariba na sa hula na zaga na yi sallama a ƙofar da ban taɓa shiga ba.

Ya shimfiɗa mini tabarma a zaure. Na yi ta kewaye-kewaye, na tambayi lafiyar iyali sau biyu, sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Ya sosa ƙeya ya ce, "Mushe, ni fa ban taɓa yi a gona ba. Da rana kuma? Ina za a samu kuran da zan kunna bafal?" Kafin in amsa sai muka ji muryar mahaifiyarsa daga cikin gida, ashe tana jin mu. Ita 'yar wajen Bande ce. Ta ce, "Ka ɗauki gurup ɗinka, injin wutar nan, ka je. Ubanka ma a gayya na fara ganinsa, ina ɗauke da fura." Ya yi dariya ya ce, "To Mushe, ka ji hukunci. Mai kawai za ka zuba wa injin, ka kuma samo mini amalanke." Maganar mai unguwa bai tayar ba, ni ma na yi kamar na manta. Nan take ya ɗauki wayarsa ya yi shela da irin muryar nan tasa ta biki, cewa ranar Laraba da hantsi DJ daga Magariya zai yi wasa a gonar wane, kuma ba a shiga sai da hauya a kafaɗa. Kafin in isa ƙauye washegari saƙon ya riga ni.

Da na faɗa wa Baba sai ya ce, "Mene ne DJ?" Na ce makaɗi ne na zamani. Ya ce, "Ɗan gidan wa ne?" Na ce ba gado ya yi ba. Ya ce, "Haye ne ke nan," ya ja tsaki. Amma bai hana ba, ya ma ce a ɗora shi a amalanke a kai shi gindin tsamiyar da ke bakin gona, yana so ya gani da idonsa.

Ranar Laraba moto mai ƙafa uku ya kawo kayan har inda yashi ya tsayar da shi, daga nan aka ɗora a amalanken shanu. Da aka iso aka kwance shanun aka kai su nesa, don kada su firgita. Bafal biyu a kan amalanke, injin wuta a ƙasa, maƙwabcina a tsaye da baƙin gilashinsa da wata farar riga da ban ga dalilin sa ta a gona ba. Mutane kuwa sai ɓullowa suke ta kowace hanya, har daga ƙauyukan da ban kai goro ba. Na ƙirga har hamsin na daina. Inna ta leƙo ta ga taron, ta koma da gudu ta ce a ƙara jiƙa hatsi. Tsohon makaɗinmu ma ya zo, yana dogara sanda, ya tsaya gefe yana kallo.

Aka jeru a bakin gona, kowa da kunyarsa. Maƙwabcina ya ɗaga hannu, ya saki irin kiɗan da na ji a bikin nan, mai sauri, mai zafi. Samari suka yi ihu suka afka. Wallahi da farko daɗi ya kama ni, na ga hauyoyi na tashi, ƙasa na watsuwa, na ce yau gonar nan sai ta ƙare kafin azahar. Ni aka bari a baya ni kaɗai, ina haki. Saboda ina bayan ne na fara ganin abin da suke bari. Ciyawar aske ta kawai suke yi, saiwar na nan daram. Hatsi kuwa ga shi nan kwance a sare, tushe bayan tushe, don mai bin wannan saurin ba shi da lokacin duba inda bakin hauyarsa zai sauka. Rawa suke yi da hauya a hannu.

Na ɗaga kai na hango Baba a gindin tsamiya, ya yunƙura ya zauna, yana buga sandarsa a jikin amalanke, bakinsa na motsi, ba mai jin sa. Na yi kira, muryata ta ɓace a cikin bafal. Ciyawa dai a hankali take kisa, ni kuwa na kawo abin da zai gama da gonar a yini ɗaya.

Tsohon makaɗin ne ya taka har wajen amalanken da bafal suke kai, ya ɗora hannunsa mai karkarwa a kan hannun maƙwabcina. Kiɗa ya tsaya. Shirun da ya biyo baya sai da ya toshe mini kunne. Samari suka juyo, suka ga ɓarnar da suka yi, kowa ya sunkuyar da kai. Daga inda nake ban ji abin da mutanen biyu ke faɗa ba. Na dai ga maƙwabcina ya cire gilashi, ya sauko ya rusuna, tsohon yana magana yana nuna cikin gona da haɓa. Sai na ga an kama tsohon an hau da shi amalanke, ya tsaya a bayan DJ, ya ɗora tafin hannunsa a kafaɗarsa ya fara bugawa a hankali. Hannun da ba ya iya riƙe kofin shayi, ga shi yana sauka daidai, ba gaggawa ba jinkiri. Maƙwabcina ya rufe ido yana saurare da kafaɗarsa, yatsansa na jan wani maɓalli ƙasa.

Da kiɗan ya dawo, ya zama wani abu dabam. Gindin nan dai shi ne, wanda ke kaɗa kwanukan gidana, amma yanzu ya yi nauyi, ya yi faɗi, tsakanin bugu da bugu akwai wurin da mutum zai ja numfashi ya dubi ƙasa. Na ɗaure hannuna da tsumma na sunkuya. Na ɗaga hauya, na sauke, sai bugun ya zo tare da ita. Na sake ɗagawa, na sauke, ya sake zuwa. Ban taɓa jin abu irin wannan ba. Kamar wani ne ya kama ƙotar tare da ni, yana ɗauke mini rabin nauyin. Samarin da suka tsere ɗazu yanzu muna tafe kafaɗa da kafaɗa, kowace hauya na shiga ƙasa har saiwa, tana kauce wa hatsi. Na ce a raina, ashe dai jinin manoma bai bar jikina ba.

In mun kai ƙarshen kunya sai ya ɗauke gindin kiɗan, ya bar wani abu mai sanyi yana yawo, mu miƙe, mu dafa ƙugu, mu share gumi. Mutum huɗu su tura amalanken gaba kaɗan. Sannan siririn sautin nan ya fara hawa, irin wanda na gani a biki, mu juya mu fuskanci sababbin kunyoyi, hauyoyi a sama, muna jira. Ya ja mana rai, ya ja, har wani ya ce, "Kai DJ, ka ji tsoron Allah!" Sai ya saki, hauya sama da hamsin ta faɗa ƙasa lokaci ɗaya. A nan na gane abin da 'yan matan bikin nan suke yi wa ihu, don ni ma na yi, da girmana da furfurata. Wani lokaci kuma sai ya rage sautin har ƙasa, ya bar mu mu ji kanmu, ƙarar ƙarfe a cikin damshin yashi da nishin maza, duk a kan bugu ɗaya.

Can da rana ta ɗaga aka miƙa wa tsohon mikoro, abin maganar DJ. Muryarsa ta dushe amma kansa bai manta komai ba. Ya riƙa kiran samarin ɗaya bayan ɗaya da taken kakanninsu, yaron da bai taɓa jin an ambaci gidansu a bainar jama'a ba sai ka ga ya ƙara sunkuyawa yana murmushi. Daga ƙarshe ya juya wajen tsamiya ya ce, "Ina mai hauyar da ba ta yini a gida! Na farkon zuwa gayya, na ƙarshen tashi!" Maƙwabcina ya kama maganar nan a na'urarsa, ya saka ta cikin kiɗan, ta riƙa dawowa a kan bugu, na farkon zuwa, na ƙarshen tashi, har samari suka ɗauka suna amsawa. Na saci kallon Baba, na ga ya cire hularsa ya rufe fuska da ita. Na mayar da idona ƙasa, don ba kyau ɗa ya ga wannan.

Da azahar ya kashe komai, aka yi salla a bakin gona, aka sha fura. Wannan karon sai da aka kankare ƙwarya, Inna tana ta ba da haƙuri tana dariya. Aka koma, kafin la'asar sakaliya aka kai iyakar gona. Na tsaya na waiga. Ga hatsi tsaye shi kaɗai a kan jar ƙasa, siriri dai, amma yana shan iska. Kunyoyin farko da aka yi wa ɓarna, tsofaffi suka bi suka ciro daga inda ya yi yawa suka dasa.

Ana ɗaure kaya na je in yi godiya, kuma da yake baki ba ya rasa abin faɗa, sai na ƙara da cewa, "Kun ga yau ban bari yara sun wuce ni ba." Maƙwabcina ya dubi tsohon, tsohon ya dube shi, suka fashe da dariya. Tsohon ya ce, "Ɗana, ai kai muke bi tun hantsi." Na ce ban gane ba. Ya ce, "Abin da na gaya wa yaron nan ke nan. Kiɗan rawa ƙafa yake bi, na noma baya yake bi. Makaɗin gayya kuma ba ya kallon na gaba, na gaba ba ya buƙatarsa. Wanda ya fi kowa nauyi ake nema a can baya, a sa kiɗa daidai hauyarsa. In an yi haka ba a bar kowa ba, ba a kuma sare hatsi ba. Muka duba gonar nan kaf, ba mu ga wanda ya kai ka nauyi ba." Maƙwabcina ya ce, "Idona na kanka yini guda, Mushe. In ka gaji in ja baya, in ka samu ƙarfi in ƙara kaɗan. Duk mutanen nan da saurinka suka yi noma yau."

Kunya ta rufe ni, amma ba irin mai zafin nan ba. Mutumin da na tsayar a gaban mai unguwa shi ne ya yini cikin rana, farar rigarsa ta koma ja, yana kallon bayana yana lallaɓa ni har na kai ƙarshen gona, ni kuwa ina can ina yabon jinina. Na kama hannunsa da nawa mai tsumma na ce na gode, ya ce ba komai, maƙwabtaka ce. Bayan kwana biyu aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Da kaka Baba ya fara takawa da sanda. Hatsin bai kai na shekarun ƙarfinsa ba, amma rumbu ya ɗauki abin da zai kai gidan wata daminar. Ranar da ake ɗaurin hatsi, ya sa aka ware dami biyu daga masu manyan zangarniya aka ajiye gefe. Na tambaye shi na wa ne. Ya ce, "Na makaɗa. Ɗaya na tsohon, ɗaya na hayen nan naka." Na ce, "Baba, mutumin birni ne, me zai yi da dami?" Ya harare ni ya ce, "Wanda ya yi wa gona kiɗa sai ya ci daga cikinta. Haka muka tarar. Kuma kai za ka kai da hannunka."

Na ɗaure damin a bayan moto, wato babur, na shigo da shi Magariya, mutane na kallo. Na yi sallama, na sauke a zauren maƙwabcina. Ya tsaya yana juya shi da ido, ya ce, "Mushe, tun da na fara sana'ar nan an yi mini liƙi, an ba ni shadda, amma ba a taɓa ba ni dami ba." Mahaifiyarsa ta fito, ta durƙusa, ta shafa zangarniyar da hannu biyu. Sannan ta dube shi ta ce, "Yau ka zama makaɗi."

Har yau ban iya bambance waƙoƙinsa ba, kuma har yau in ya matsa da gwaji ina yin tsaki, hali ba ya sauyawa dare ɗaya. Amma ina gode wa Allah da ya sa katangar nan ba ta da kauri, ina kuma gode wa mutumin da ke bayanta fiye da yadda na iya faɗa masa. Washegarin ranar da na kai damin, bayan la'asar, ina zaune da takardun yara, sai na ji matarsa na kiran maiɗakina. Ta kan katanga ta miƙo ƙwarya rufe da faifai. Fura ce, ta hatsin Baba. Maiɗakina ta dama ta ajiye a gabana. Ina kai hannu ke nan sai aka kunna bafal a can gidan, gindin kiɗan ya ratso bango, fuskar furar ta fara rawa a cikin ƙwarya. Na riƙe ludayi na jira ta gama rawarta, sannan na sha.